Bina ta Sandgarth da Mutanen Gaɓa

Haihuwarta da Asalinta

An haifi Robina Cursiter, wadda kowa ya fi sani da Bina ta Sandgarth, a watan Mayu na shekarar 1937, a gidan gona na Sandgarth da ke kudancin tsibirin Skelsay, cikin tsibiran Orkney. Mahaifinta shi ne Mansie Cursiter, manomi mai 'yan shanu da ƙaramin kwalekwale, mahaifiyarta kuwa Jemima Tulloch ce, 'yar arewacin tsibirin, wadda ta yi suna wajen cuku da gurasar sha'ir. Bina ce ta biyu cikin 'ya'ya uku, kuma ita kaɗai ce ta tsufa a tsibirin, domin yayanta ya bi aikin jirgin ruwa bai dawo da zama ba, ƙanwarta kuma aure ya kai ta Kanada.

Gidan Sandgarth shi ne mafi kusa da tsohuwar maƙabartar coci, wadda ke kan tudun yashi dab da bakin teku, kuma saboda wannan maƙwabtaka ne wata amana ta rataya a wuyan mutanen gidan tun kaka da kakanni. Duk lokacin da guguwa ta daki tudun ta zaftare gefensa, akan wayi gari a ga ƙasusuwa warwatse a kan duwatsun gaɓa, kuma haƙƙin gidan Sandgarth ne su sauka su kwashe su, su mayar da su cikin maƙabarta kafin ruwa ya dawo. Ba a ce musu ƙasusuwa, mutanen gaɓa ake ce musu. Aikin yana da ladabi guda wanda ba a karyawa, shi ne ba a kallonsu. Mai kwashewa yakan hango fari-fari daga nesa, ya matsa kusa, ya kawar da kai, ya jefa farin ƙyalle a kai, sannan ya ɗauka a naɗe. A ganin mutanen tsibirin, wanda teku ya tsiraita bai kamata ɗan'uwansa ya ƙara masa da ido ba.

Karatunta

Ta shiga makarantar tsibirin a shekarar 1942, ta kuma fita a 1951 tana da shekara goma sha huɗu. Malamarta ta yi mata shaidar ƙoƙari a lissafi da waƙa, har ta so a tura ta Kirkwall, babban garin Orkney, ta ci gaba, amma a shekarar ne ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifiyarta, hidimar gida kuma ta koma hannun Bina. Ba a taɓa jin ta yi ƙorafi a kan haka ba. Abin da takan faɗa kawai shi ne, makarantar ta koya mata karatun jarida da rubuta wasiƙa, sauran kuma kaji ne suka koya mata.

Shigarta Aiki

Sana'arta ta farko ita ce kiwon kaji da tara ƙwai don jirgin ruwan da ke zuwa mako-mako, sai kuma tattara ciyawar teku a hunturu, a shanya ta a kan katanga har ta bushe. Iskar watan Janairu na 1952 ta ɗauke akurkin kajinta da kajin da ke ciki ta watsa cikin teku, ta sake tarawa daga 'yan tsakin da maƙwabta suka ba ta.

A guguwar Janairu na 1953 ne ta fara sauka gaɓa don aikin gidansu, domin ɓarnar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Mahaifinta ya miƙa mata ƙyallaye na tsohon zanen gado, ya ce mata, “Ki sa idonki a kan teku, hannunki ya yi aikin.” Iyakar karatun da ya ba ta ke nan. Bayan rasuwarsa a 1964 amanar ta zama tata ita kaɗai, ta kuma riƙe ta bisa wannan ladabi. Duk abin da ta kwaso takan binne shi a kusurwar gabas ta maƙabarta, ta karanta masa addu'a gajeriya, ta koma tatsar shanu.

Aurenta da 'Ya'yanta

A watan Yuni na 1959 aka ɗaura mata aure da George Swanney, wanda ake kira Dod, mai kamun ƙaguwa daga arewacin tsibirin. Da yake babu ɗa namiji a gida da zai gaji gonar, shi ne ya tare a Sandgarth. Dod mutum ne mai barkwanci, yakan ce a duk Orkney shi kaɗai ne mijin da surukansa ke fitowa daga ƙasa kowane hunturu su duba ko yana riƙe 'yarsu da kyau. Duk da haka shi ne mai haƙa mata rami a kusurwar gabas, kuma bai taɓa leƙa cikin ƙyalle ba.

Allah Ya azurta su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1960 da 1970, wato Erlend da Thora da Leslie da Marjory. Sun tashi cikin rufin asiri da tarbiyya, a kan dankali da kifi mai gishiri da madarar gida.

Rasuwar Mijinta

A watan Oktoba na 1979 kwalekwalen Dod ya kife yana janye tarkon ƙaguwa, aka tsinci gawarsa a yashin kudu. An binne shi a tsakiyar tsohuwar maƙabarta, aka bar gurbi a gefensa, Bina kuma ta shaida wa fasto a gaban jama'a cewa nan ne makwancinta. A lokacin akwai sahun kaburbura da yawa da kuma katangar dutse tsakanin kabarin da bakin tudu, kuma babu wanda ya kawo a ransa cewa teku zai iso wurin a zamanin wanda ke raye. Tun daga ranar, babban burinta a duniya bai wuce biyu ba: Dod ya zauna lafiya inda aka kwantar da shi, ita kuma a kwantar da ita kusa da shi.

Shekarun Matsowar Teku

A 1986 aka buɗe sabuwar maƙabarta a kan tudu a tsakiyar tsibirin, aka daina binne kowa a tsohuwar sai wanda miji ko mata ke jiransa a can. An yi wa Bina tayin gurbi a sabuwar, ta yi godiya ta ce tana da nata.

A waɗannan shekaru ne dattawa suka fara lura da cewa yanayi ya sauya. Sanyin da ke ƙanƙare ƙasa ya ragu, ruwan sama mai jiƙa tudu har ya yi laushi ya ƙaru, guguwar kudu maso gabas da a da mutum kan ba jikokinsa labarinta ta koma baƙuwar kowane hunturu, ruwa kuma idan ya cika yakan shiga ramukan da kakanni ke ajiye kwalekwale a bushe. An yi wa tudun katangar siminti a 1994, guguwar 2005 ta karya ta gida-gida. Bina, wadda a ƙuruciyarta takan sauka gaɓa sau ɗaya a shekaru, ta koma sauka sau da yawa a wata guda, har zannuwan gadon gidan suka ƙare, matan coci suka riƙa kawo mata nasu.

Zuwan Masu Cokali

Da teku ya yanke tudun, sai wasu abubuwa suka bayyana a ƙarƙashin kaburbura: bangayen ɗakunan dutse, da murhu da tokarsa, da fasassun tukwane. Masu binciken kayan tarihi sun fara zuwa a 1998, Bina ta hana su ratsa gonarta, ta ce wurin ba kasuwa ba ce. Sun dawo a bazarar 2007 ƙarƙashin jagorancin Dakta Morven Baird, matashiya daga wata jami'a ta kudu, wadda ta yi wa taron tsibirin bayani cewa ɗumamar duniya ce ke ɗaga teku tana ƙara wa guguwa ƙarfi, cewa ɗaruruwan wurare irin wannan suna zubewa a gaɓoɓin ƙasar, kuma ba za a iya tsare tudun ba, iyaka a karanta abin da ke cikinsa kafin ruwa ya shafe shi.

Mutanen tsibirin suka sa musu suna masu cokali, saboda da cokalin magina da ƙananan burushi suke tono. Attie Rendall, maƙwabcin Bina kuma abokin wasanta tun makaranta, ya ce bai taɓa ganin ƙarti masu digiri suna share yashi a bakin teku ba, in sun gama ga turken shanunsa yana jira. Bina kuwa abin da ya fi ɓata mata rai shi ne yadda suke ɗaga ƙashi zuwa haske suna jujjuya shi suna ƙura masa ido. Takan wuce su ba gaisuwa.

A 2008 kusurwar gabas ta kai ga faɗawa, coci ya ba da izini a buɗe ta, aka fito da ƙunshe-ƙunshen ƙyalle na shekaru masu yawa. Bayan 'yan makonni Dakta Baird ta yi sallama a ƙofar kicin ɗin Sandgarth, Bina ta ba ta kujera da shayi saboda baƙo baƙo ne.

“Inna Bina, akwai maganar da na zo da ita, ban san ta inda zan fara ba.”

“Fara kafin shayin ya huce.”

“Abin da kuka binne a kusurwar nan, akwai mutane a ciki, gaskiya ne. Amma mafi yawa tumaki ne da shanu da manyan kifaye. Jujin mutanen da ne a ƙarƙashin tudun, ragowar abincinsu ce teku ke fitarwa.”

Bina ta ajiye butar shayi ta ce, “Wato shekara hamsin ina yi wa miyar wasu jana'iza?”

Waɗanda ke gidan sun shaida cewa ta yi dariya har da hawaye, irin wadda ba a ji daga bakinta ba tun rasuwar Dod. Daga baya ta ce ba ta yi nadama ba, in dai akwai mutum ɗaya a cikin tumaki goma, ƙyallen bai tafi banza ba. Dakta Baird ta tabbatar mata da haka, ta kuma gaya mata cewa a cikin mutanen akwai waɗanda suka rayu tun kafin a gina cocin, sama da shekara dubu, waɗanda ba don gidan Sandgarth ba da babu wanda zai san an yi su. Labarin ya zaga tsibirin kafin jirgin mako ya tashi, Attie kuma ya ɗauki ɗabi'ar cire hula duk lokacin da tunkiya ta gifta ƙofar Bina, ya ce gaisuwar dangi yake yi. Ita kuma ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ranar da teku ya fito da shi ba za a sha wahalar gane jaki ba.

Daga wannan shekara ta buɗe musu gonarta, ta ba ɗalibansu rumbun ciyawa su kwana, tana aika musu da gurasa da cuku zuwa bakin tudu. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, cewa duk mutumin da aka ɗauka zuwa jami'a a dawo da shi tsibirin idan an gama, aka kuwa yi mata wannan alkawari. Amma ladabinta bai sauya ba. Idan ta kai musu abinci takan tsaya ne ta juya wa ramin baya.

Ɗaga Kabarin Dod

Hunturun 2013 zuwa 2014 ya zo da guguwa bi da bi, sahun kaburbura suka riƙa tafiya, har ya zama saura ƙiris bakin tudu ya iso kabarin Dod. Erlend ya dawo daga aikin man fetur a birnin Aberdeen ya roƙe ta ta yarda a mayar da mahaifinsa sabuwar maƙabarta, ta ƙi, ta ce wanda aka kwantar da addu'a ba a tada shi da shebur. Masu haƙa kabari su ma sun ce akwatin ya daɗe da ruɓewa a cikin jiƙaƙƙen yashi, motar haƙa ba za ta iya matsawa bakin tudu ba, shebur kuma watsa shi zai yi.

A watan Fabrairu sahun da ke gaban na Dod ya faɗa, kuma wannan karon ba mutanen da ba ne, mutanen da ta ci abinci da su ne. Ta sauka gaɓa tana da shekara saba'in da shida, ta kwashe abin da hannunta ya samu bisa al'ada, ruwa ya tafi da sauran. Da ta hau, Erlend ya tarar da ita zaune a kan katangar gona da ƙunshi ɗaya a cinyarta. A saman wurin da ta ɗauko shi kabarin Jessie mai kanti yake, mace mai jiki wadda sai da maza takwas suka ɗauki akwatinta.

“Erlend, ka ga Jessie,” in ji ta. “Ƙyalle ɗaya.”

A ranar ta ce a kira mata Dakta Baird a waya.

An samu izinin kotu da na coci, aka yi aikin a watan Mayu na 2014, aka kafa tanti a kan kabarin, fasto ya buɗe da addu'a. Kafin ta shiga, Dakta Baird ta durƙusa gaban Bina ta ce, “Inna, dole sai na kalle shi. Ba zan iya wannan aiki da kai a kawar ba.”

“Don haka na kira ki,” in ji Bina. “Ki kalle shi da kyau, 'yar nan. Kada ki bar mini ko ɗan yatsa a cikin yashin nan.”

Ta zauna a kan kujera a wajen tantin tana saƙa, fuskarta na kallon teku, masu cokali kuma suka ɗaga Dod Swanney gaɓa-gaɓa, suka tankaɗe yashin kabarin duka da rariya har suka tabbatar babu abin da ya saura. Da aka rufe sabon akwatin, Dakta Baird ta shaida mata cewa ya cika, ta ƙara da cewa ta ga alamar tsohuwar karaya a hannunsa na hagu. Bina ta ce shi dai ya rayu yana cewa doki ne ya harbe shi, amma duk tsibirin ya san daga kan rufin Sandgarth ya faɗo, ya hau gyaran da ba wanda ya sa shi, don kawai ta fito ta gan shi.

An ɗauke shi a bayan tarakta zuwa sabuwar maƙabarta, jama'ar tsibirin suna biye a ƙasa, aka kwantar da shi aka bar gurbi a gefensa. Ganin haka, wasu iyalai suka nemi irin wannan alfarma ga nasu, masu cokali kuma suka yi musu a wannan bazara da wadda ta biyo baya, a kan aikinsu na asali, ba tare da gajiyawa ba.

Shekarunta na Ƙarshe

A 2016 ƙafa ta hana ta sauka gaɓa, amanar ta koma hannun jikarta, mai wannan rubutu. Bina da kanta ta yarda a yi wa al'adar ƙari, cewa a fara ɗaukar hoton abin da aka tarar a inda yake a aika wa Dakta Baird, sannan a rufe shi da ƙyalle. Da aka tambaye ta ko hoto ba kallo ba ne, ta ce waya ce ke kallo, ita kuwa waya ba ta da kunyar da za ta ji.

An kammala tonon tudun a 2018, bayan an zana ɗakunan an kuma kwashe abin da zai kwasu. An ajiye tukwane da matajin ƙashi da duwatsun niƙa a tsohuwar makarantar tsibirin, inda yara ke zuwa su gani. A 2019 aka cika mata alkawari, jirgi ya dawo da mutanen gaɓa cikin ƙananan akwatuna, aka binne su a gefe guda na sabuwar maƙabarta, ita kuma aka kai ta a keken guragu ta karanta musu addu'ar da ta saba. Attie ya rasu a shekarar, ta halarci jana'izarsa, ta ce yanzu tumakin tsibirin sun rasa mai gaishe su.

Wafatinta da Jana'izarta

Allah Ya karɓi ran Robina Swanney a gidanta na Sandgarth a watan Nuwamba na shekarar 2022, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara tamanin da biyar. An yi mata addu'a a cocin tsibirin, Dakta Baird ta zo a jirgin ranar duk da iska, iyali kuma suka ba ta ɗaya daga cikin igiyoyin da ake zura akwati da su, waɗanda bisa al'ada na jini kaɗai ake ba wa. An binne ta a sabuwar maƙabarta, a gefen mijinta. Gurbin da aka bar mata a tsohuwar kuwa, tare da ramin da Dod ya kwanta a ciki shekara talatin da biyar, teku ya ɗauke su tun hunturun 2016, a yau ruwa ne ke shiga wurin yana fita.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Erlend, wanda ke riƙe da gonar Sandgarth, Thora, ma'aikaciyar jinya a Kirkwall, Leslie, matuƙin jirgin fito, da Marjory, wadda ke aure a Inverness. Ta kuma bar jikoki tara da tattaɓa-kunne biyar.

Iyalan suna godiya ga matan coci da suka ba da zannuwan gadonsu, da ɗaliban da suka durƙusa cikin jiƙaƙƙen yashi saboda mutumin da ba su taɓa sani ba, da Dakta Morven Baird wadda ta kalle shi da kyau. Allah Ya ba Bina hutawa, ita da Dod da dukan waɗanda ta ɗauka a hannunta ba ta san sunansu ba.